Mutumin da Ya Hana Mu Huda Balbela

Duk wanda ya san layin bayan babbar kasuwar Kota Bharu ya san Wan Deraman, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn dattijon nan da ke wucewa bisa tsohon keke bayan an fito sallar asuba, hannun dama a cuse cikin aljihu. Da hagu yake riƙe kan keken. Da hagu yake karɓar ƙunshin shuɗiyar shinkafa da gasasshen kifi a wurin Mek Yam, kuma kullum sai ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi haƙuri da hagun." Ita kuma kullum sai ta ce, "Gaishe mini da amaryar da ke cikin aljihu, Allah ya sa ta kwana lafiya." Ba ya ɗaukar kaya da hannun daman, ba ya sara da shi, ba ya shan kofi kafin aiki don kada ya yi rawa. Matarsa ta taɓa gaya mini cewa ko sauro ya sauka masa a kumatun dama, sai dai ya zagayo da hagu.

Daga nan sai gidan buga zinare. Yana da wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, nan yake zama da gilashi a ido da wasu ƙarafa sirara kamar tsinke. Da rana ta daidaita bisa kai sai ya ajiye, wai hasken bayan azahar maƙaryaci ne. Sauran yinin wasa ƙarafansa yake, yana sauraren rediyo.

Aikinsa sassaƙa hatimi ne, wato dunƙulen ƙarfen da ake danna wa zinare hoto ya fito. A juye yake sassaƙa komai, kuma abin da ya ƙwaƙule a ƙarfe shi ke tasowa a zinare. Ni dai har yau kaina bai ɗauki yadda mutum zai zana abu a baibai ya fito daidai ba, amma ga shi muna rataye da shi. A wannan watan zai ajiye aiki, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo. Babu wanda zai sa shi a jarida, don haka na ce ni zan faɗa, tunda a gabana aka yi komai, abin da kuwa ba a yi a gabana ba an kawo mini shi har rumfa.

Asalin ƙwandalar ga shi. Wani attajiri, Haji Nik Daud, shi ya buɗe gidan, ya ce zai buga ƙwandalar zinare tsantsa, ba gauraye, domin ajiya. Ya yi alkawari: duk ranar da ka dawo da ita lafiyayya, za a biya ka farashin zinaren wannan ranar. Ya ce yana son a sa mata balbelar nan da ake sassaƙawa a goshin jiragen kamun kifinmu, mai tsare masunta a teku. Aka nemo Deraman, domin ubansa sassaƙa goshin jirage yake yi, a hannunsa ya tashi kafin ya koma ƙarfe.

To, gidansu suna da ƙa'ida tun kakanni: ba sa kammala siffar abu mai rai. Haji ya ce tsuntsu yake so, Deraman ya ce to. Bai yi musu ba, bai kuma karya ƙa'idar ubansa ba. Ki riƙe ƙwandalar a nesa, balbela ce tsaf, ta miƙe wuya tana duban ruwa. Ki matso da ita kusa da hanci, babu tsuntsu ko ɗaya. Wuyan reshen garahunu ne da ya lanƙwashe, fukafukan ganye ne bisa ganye, idon kuwa ɗan toho ne da bai buɗe ba. A baya ya sa zangarniyar shinkafa ta sunkuya, da nauyin zinaren a rubuce. Sunansa bai sa ba, ko harafi ɗaya. Limamai suka duba suka ce ganye ne, masunta suka duba suka ce tsuntsunsu ne, kowa ya tafi da murna.

Wadda ta fara saye a kasuwarmu ita ce yayarsa, Mek Sepiah mai kifi. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta yi masa aure. Mijinta ya rasu ya bar mata jirgi ɗaya, da shi take ci da 'ya'yanta. A kasuwar nan kuwa abin da Sepiah ta saya shi ake saya, abin da ta taɓe wa baki ya mutu ke nan. Ta bi rumfa-rumfa tana nunawa: "Ƙanena ne ya yi, ku duba wuyan nan!" Kafin damina ta zagayo kowace mace tana da Balbela, don sunan da muka sa mata ke nan.

Sai dai Haji da Deraman sun manta da su wa suke ciniki. Su a tunaninsu za mu kai ƙwandala cikin akwati mu kulle. Mu? Zinaren da ba a gani a ƙirjin mace ai ba zinare ba ne, jita-jita ce. Ta yaya uwar ango za ta san irin gidan da ta shigo? Ta yaya mai kawo miki kaya zai san ke ba abar rainawa ba ce? Iyayenmu a jiki suke ajiye dukiyarsu, mu ma haka. Muka yi layi a shagon Eng Huat maƙerin zinare. Shi kuma zinare tsantsa taushi gare shi, ɗan juyi kaɗan ya hudu. Wurin da ya fi dacewa da huji kuwa shi ne sama, daidai kan balbelar. Wasu ma har da liƙa ɗan kunne don sarƙa ta shiga.

Haka Deraman ya riƙa ratsa kasuwa kowace safiya yana ganin tsuntsunsa a ƙirazan mata da rami a ka. Sai ya kau da ido. Mek Yam ta ce masa, "Malam, ɗago ka duba, ai mun ƙara mata ido ne, naka ba ya gani." Ya yi murmushin yaƙe ya wuce. Bai ce kada a yi ba. Mutum ne mara magana, kuma a ganinsa kowa ya ji sharaɗin Haji na a dawo da ita lafiyayya.

Sai shekarar babbar ambaliya. Ruwa ya shiga gari kamar an aiko shi, ya ɗauki jirgin Sepiah ya maka da ginshiƙin gada. Katakon ya gyaru, injin ya tafi. Ba ta yi kuka ba. Da ruwa ya janye ta cire Balbelolinta daga ƙirji, ta ƙulle a gefen mayafi, ta nufi gidan buga zinare tana cewa ai don irin wannan ranar aka tara.

Mai karɓa ya juya su ya ce, "Inna, waɗannan hudaddu ne, ga kuma liƙi. Ba sa komawa ajiya, sai dai a narke. Farashin tarkace za a ba ki."

Ta ce a kira mata ƙanenta. Ya fito da gilashinsa a goshi, ga mata cike da wurin, kowacce da nata ƙullin. Ya ɗauki ɗaya ya dubi ramin, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce, "Kak, wa ya ce ki huda?"

Kak ita ce yaya a bakinmu, amma ranar kalmar ba ta yi daɗin ji ba. Sepiah ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Ta ce, "Wa ya ce in goya ka?" Ta karɓi abin da aka ba ta, wanda bai kai kuɗin injin ba. Ta sayar da jirgin, ta koma sarin kifi a hannun mutanen da da can suke sara a hannunta.

Daga ranar ta rufe bakinta a kansa. Ya zo gaisuwar salla, aka ce tana barci, alhali muna jin tana daka. Ya aiko da kuɗi, ta mayar a cikin kwandon ƙaya. In matarsa ta zo sayen kifi, sai ta zaɓo mata wanda idonsa ya faɗa. Ta yi rantsuwa a tsakiyar kasuwa cewa hannunta ba zai sake taɓa zinaren Deraman ba. Kasuwa kuma ta bi ta. Muka koma awarwaro da sarƙa, waɗanda in ka tashi sayarwa ake zare maka kuɗin ƙira, amma dai mun san halinsu.

Kai ne, Deraman, wanda wani a matsayinka zai ce ai gaskiya na faɗa, ya ci gaba da cin shinkafarsa. Gaskiyar kuwa ka faɗa, babu wanda ya ce a huda. Amma ka rame. Mun gani, don mu aikinmu ke nan, gani.

Shekaru suka shuɗe yana ta juya abin a ransa. Ya fara zuwa shagon Eng Huat da yamma yana zama. Muka ɗauka faɗa ya je nema. Ashe kallon yadda mata ke rataya abu yake, ina yake sauka a ƙirji, ta ina yake juyawa, me ke sa shi kifewa. Rannan ya je wa Haji da shawara: a yi wa gefen ƙwandalar ɗan tsagi ya zagaye ta, siriri, yadda ƙawanyar waya za ta kwanta a ciki ta rungume ta. Kunnen sarƙa a jikin ƙawanyar zai zauna. In buƙata ta taso, a kwance ƙawanya, ƙwandala ta fito lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Haji ya ce, "Zinaren da ka cire a tsagin fa?"

"Ba cirewa zan yi ba, Haji, matsar da shi zan yi. Za ta ɗan ƙara kauri, faɗinta ya ragu. Sai dai a sake hatimi gaba da baya."

"Ka san kuɗin wannan? Ga waɗanda muka buga nan jibge babu mai tambaya. Kai kana son ka shirya da yayarka, ni kuma in biya."

"Haka ne, Haji."

Wannan amsar ce ta karya lagon Haji, don ya shirya jin musu. Ya yarda, amma da sharaɗi: in ƙaramar salla ta wuce matan kasuwa ba su karɓa ba, zai rufe ɓangaren ƙwandala gaba ɗaya, Deraman ya nemi wani aikin.

Ya sake sassaƙa balbelar a fili mafi ƙanƙanta, ganye bayan ganye, bai yar da ko ɗaya ba. Matarsa ta ce a wannan aikin idonsa ya fara lalacewa. Sabuwar ta fito ana gab da azumi.

Ba ta kwana biyu ba magana ta zagaye kasuwa: an ƙwaƙule gefen, an rage faɗin, cuta ce sabuwa. Ni ba na ƙirƙirar magana, dakonta kawai nake yi, kuma wannan ta yi nauyi, don har can garin Tumpat ta kai. Azumi ya raba tsakiya, ko mace ɗaya ba ta saya ba. Kowa na duban bakin Sepiah, ita kuwa fere kifinta kawai take.

Wata safiya a goman ƙarshe sai ga Deraman ya shigo ɓangaren masu kifi, inda ya daɗe bai taka ba. Ya sha sabon zane, irin wanda mazanmu ke ɗaurawa zuwa masallaci. Eng Huat na biye da shi da ɗan ma'auninsa mai faranti biyu. Kafin su isa teburin Sepiah, kasuwa ta watse ta haɗu a wurin. Har mai kaji ta bar kajinta.

Ya ajiye sabuwar ƙwandala a kan teburin. Ya ce, "Kak, ina son a auna ta a gabanki."

Ba ta ɗago ba. Ta ce wa kifin da ke hannunta, "Gaya wa mai zanen nan ya kwashe kayansa, kada ƙarni ya ɓata masa."

Eng Huat ya ce, "Haba Mek Sepiah, ni ma fa wannan abu cinikin huji zai kashe mini, amma ga ni na zo. A kawo tsohuwa guda wadda ba a huda ba, mu ɗora su tare."

Nan fa ake yinta. A kawo wadda ba a huda ba! Aka dubi juna. Kasuwa guda, mata kamar ƙasa, aka rasa. Wannan ta laluba ƙirji, hudadda. Waccan ta kwance ƙulli, hudadda. Ana cikin haka sai Mek Bunga mai barkono, wadda kullum take kukan ko na cefane ba ta da shi, ta fara zufa. Ta juya baya, ta sa hannu can cikin ɗamara, ta fito da guda ɗaya fes, tana walƙiya. Ashe ba ta huda ba ne don ba ta rataya ba, ba ta rataya ba kuwa don mijinta bai san tana da ita ba.

Mek Yam ta ce, "La'ilaha! Bunga, ke da na ciyar bara?"

"Ku rufa mini asiri, don Allah."

"Wane asiri kuma? Ga mijinki can ya leƙo ta bayan mai kwakwa."

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Eng Huat ya ɗora tsohuwa a faranti ɗaya, sabuwa a ɗaya. Suka yi lilo, suka yi lilo, suka tsaya daidai wa daida. Ya sauya musu wuri, suka sake tsayawa. Ya sa ƙawanya ya ɗaure, ya girgiza, ba ta faɗi ba. Ya kwance, ya miƙa wa mata suna dubawa. Aka fara "kai, kai" ƙasa-ƙasa.

Sepiah ta goge wuƙarta. Ta ce, "Ma'auni ya yarda. Ni ban yarda ba."

Duk mun san maganar ta ƙare ke nan, domin ba nauyin zinare ne ke damunta ba.

Shi ma ya sani. A al'adarmu ranar salla ƙarami ke durƙusawa gaban babba a cikin gida, ya kama hannunsa ya kai goshi, ya nemi gafara. A gida, bisa tabarma, ba a gaban jama'a ba. Deraman bai jira salla ba, tunda ya san za a ce tana barci. Ya zagaya bayan teburin, ya zube gwiwa biyu cikin ruwan kifi da ɓawo da hanji. Ya zaro hannun daman nan daga aljihu, wanda ko mu ba mu cika ganinsa ba, ya kama nata mai jini da ƙaya.

Ya ce, "Kak, a bayanki na girma, sarƙar wuyanki nake ja ina wasa. Na fi kowa sanin inda matanmu ke ajiye dukiya. Amma na yi zinaren da ba shi da wurin ratayewa, na ga kuna hudawa na yi shiru, da kika zo da damuwarki kuma na tambaye ki wa ya ce ki huda. Ni na ce. Aikina ne ya ce. Ki yafe mini."

Sepiah ta tsaya kamar an dasa ta. Tana son ƙwace hannun, tana tsoron wuƙar da ke kusa da yatsunsa. Sai ta tura wuƙar gefe da ɗaya hannun, a hankali. Ta ce, "Tashi, sakarai. Dubi zanenka. Wa zai wanke wannan, wannan ragguwar matar taka?"

"Sai kin yafe."

"Na ce ka tashi, kana tara mini mutane ba sa sayen komai."

"Kak."

"Na yafe! Na yafe, jarababbe. Mayar da hannun nan aljihu kafin ƙaya ta soke shi."

Ya ce ta riƙe ƙwandalar kyauta. Ta ce Allah ya kiyaye, ita ba ta karɓar sadaka a hannun yaron da ta yi wa tsarki, kuma ta yi rantsuwa, sai ta yi kaffara tukuna. Ta ciyar da miskinai, ta fasa asusunta, ta je da ƙafarta ta saya. Ranar salla ta fito da Balbela a ƙirji cikin ƙawanya, kai lafiyayye, ta bi gida-gida gaisuwa, har gidajen da ba ta shiri da su. Kafin a gama yawon salla layin gidan Haji ya kai bakin titi. Eng Huat kuwa ya jefa abin hujinsa a aljihun tebur, ya koma ƙera ƙawanya, har ya yi tumbi.

Jirgin Sepiah bai dawo ba, kada in yi muku ƙarya. Waɗanda suka yi asara a waccan shekarar sun yi ta. Amma ambaliya ba ta daina zuwa ba, kuma tun daga lokacin na ga mata da yawa sun kwance ƙawanya sun miƙa Balbela an biya su cif. Wata ta sake rufin gida, wata ta fitar da miji daga asibiti, wata ta kai 'ya makarantar koyon jinya. Babu ɗaya a cikinsu da ta san sunan wanda ya yi tsagin. Yatsa kawai suke bi da shi suna cewa ado ne.

Kai ne, Deraman, mai hannu a aljihu, wanda ya gyara zinare ya dace da mutane, bai tsaya jiran mutane su gyaru su dace da zinare ba. Kai ne ka yi gaskiya, ka kuma durƙusa. Mun gode. Allah ya saka maka, ya bar maka sauran hasken idonka ka ga jikoki, ya sa hannun nan ya huta, ka ci shinkafa da shi kamar kowa.

Ku kuma masu ƙera mana abubuwa, masu ɗinki da masu gini da masu zama a ofis kuna tsara yadda za mu yi, ku yi koyi da shi. Ku fito ku ga yadda muke amfani da abin kafin ku ce mun ɓata. In kuma kun riga kun faɗi maganar da ta ƙona wani, ruwan kifi yana fita a wanki.

Sepiah ba za ta halarci walimar ajiye aikin ba, ta ce in ba da haƙuri. Ƙafa ta yi nauyi, ta ce gara ta je Umra tun tana iya zagaye Ɗakin. Makon jiya ta kwance Balbelar da ta saya a waccan sallar da sauran da ta tara bayanta, aka biya ta babu ragin ko sisi, jibi jirgin samansu zai tashi. Jiya na gan ta a kasuwa tana sallama da mutane, da ƙawanya a ƙirji babu komai a ciki. Na ce, "Sepiah, cire wannan mana, ai sai a ce kin talauce."

Ta dafe ta da tafin hannu. Ta ce, "Bar ta. A cikin jirgi duk wanda ya tambaye ni ina abin da ke ciki, sai ya ji labarin ƙanena tun daga farko."